Fiyus, EEPROM, U-Boot ko lissafi: daga ina allonka zai samo adireshin MAC idan ya tashi?

Kwamfutar tebur ko laftof ba ta ba mai ita wahala a kan adireshin MAC, wato lambar da ke bambanta kowace na'ura da sauran a sadarwa. Masana'anta ta riga ta rubuta shi a katin sadarwa, na'ura ta tashi ta karanta, shi ke nan. Ƙananan allunan da ake dasawa cikin mita, kyamarar tsaro, rauta, injin cirar kuɗi ko na'urar sa ido kan sola ba haka suke ba. Da yawa daga cikin furosesocinsu suna da sashen Ethernet a ciki, amma babu adireshi ko ɗaya tare da shi. Dole wani ya tanade shi a wani wuri, dole kuma manhajar da ke tayar da allon ta san inda za ta je ta ɗauko. Wanda ke ƙera allo, ko yake shirya manhaja ɗaya da za a zuba wa alluna hamsin, yana da hanyoyi biyar ko shida a gabansa, kuma ba daidai suke ba.

Adireshin kansa bayit 6 ne, wato bit 48. A al'ada, bayit 3 na farko na kamfani ne, hukumar rajista ta IEEE ce ke ba da su, sauran 3 kuma kamfanin ne ke rabawa kayansa. A cikin bayit na farko akwai bit biyu masu hukunci na musamman. Na ƙarshe, idan 1 ne, adireshin na aika wa taro ne, ba ya halatta ga na'ura guda, Linux ma ƙin karɓarsa take yi. Na kusa da shi, idan 1 ne, yana nufin adireshin na cikin gida ne, ba IEEE ta bayar ba. Shi ya sa duk adireshin da harafinsa na biyu ya zama 2, 6, A ko E, kamar 02:… ko DE:…, ka san ƙirƙirarsa aka yi.

Tambayar da nake auna kowace hanya da ita guda ɗaya ce: idan aka yi wa allon filashin, wato aka goge aka sake zuba masa manhaja, ko aka sauya katin SD, ko aka kwafi katin wani allo aka sa a wannan, adireshin zai tsaya yadda yake, ya kuma bambanta da na maƙwabcinsa? Kuɗi da wahalar masana'anta suna biyo baya.

Hanyar da adireshin ke bi

Kafin kwatanci, sai an san jerin hannuwan da adireshin ke ratsawa, domin rabin matsalolin ba daga ma'ajiya suke ba, daga miƙawa ne. A allon da ke amfani da U-Boot, wato manhajar da ke tayar da allon, da kuma Linux, U-Boot ce ke fara nema. Tana duba abin da kayan allon suka ba ta, sannan ta duba saitin ethaddr a ma'ajiyar saitunanta, eth1addr kuma ga kafar sadarwa ta biyu. Idan duka biyun suna nan kuma suka saɓa, sai ta buga gargaɗi cewa adireshin ba su dace ba, ta ɗauki na ethaddr. A riƙe wannan: saitin da aka rubuta da hannu yana rinjayar wanda ke cikin fiyus, wato ma'ajiyar cikin furosesa da ake ƙona bayani a ciki na dindindin.

Gab da miƙa ragama ga Linux, U-Boot tana buɗe Device Tree, wato fayil ɗin da ke bayyana kayan da ke kan allon, ta rubuta adireshin a local-mac-address na sashen Ethernet. Ta yaya take gane sashen? Ta sunan ethernet0 da ke cikin aliases. Idan wanda ya rubuta fayil ɗin ya manta da wannan layi ɗaya, U-Boot za ta yi aiki da adireshi mai kyau, Linux ta tashi ba ta ga komai ba, ta ƙirƙiri nata. Mutum zai kwana yana zargin EEPROM, ƙaramar ma'ajiyar bayanai da ke kan allon, alhali layi ɗaya ne babu.

Linux kuma tana da nata jeri: ta duba mac-address, sannan local-mac-address, sannan tsohon suna address, sannan ta bi ta nvmem, tsarinta na karanta irin waɗannan ma'ajiyoyi, idan an nuna mata wata. Direbobi, wato manhajojin da ke sarrafa kayan allon, da yawansu suna da ƙarin dabara. Direban fec na furosesocin i.MX, misali, idan bai samu a Device Tree ba yana leƙa rajistocin Ethernet ko U-Boot ta bar wani abu a ciki, sai bayan nan ya koma canki-canka.

Adireshin da aka ƙona a cikin furosesa

Wannan gida biyu ne, mutane kuma suna yawan haɗa su.

Gida na farko, kamfanin furosesa ya ƙona tun a masana'anta. AM335x na Texas Instruments, wanda ke kan BeagleBone Black, yana zuwa da adireshi biyu a ciki, U-Boot tana karanta su daga rajistocin mac_id0 da mac_id1 ta cika ethaddr idan babu kowa a wurin. ESP32 ma haka: Espressif ta rubuta adireshin tushe a eFuse, daga shi ake fitar da huɗu, na Wi-Fi shi ne tushen, na wurin raba Wi-Fi a ƙara 1, Bluetooth a ƙara 2, Ethernet a ƙara 3. Idan furosesanka na wannan gida ne, babu abin tattaunawa. Ba ka sayi komai ba, ba ka ƙona komai ba, filashin dubu ba zai taɓa shi ba. Illa ɗaya, adireshin yana ɗauke da sunan kamfanin furosesa ne ba naka ba, kuma idan mai gyara ya cire furosesan ya sa wani, adireshi ya sauya.

Gida na biyu, an bar maka gurbi babu komai a ciki. i.MX6 na NXP haka yake: akwai wuri a fiyus ɗinsa, banki na 4, kalma ta 2 da ta 3, amma mai ƙera allo ne zai cika. U-Boot tana da umarnin fuse prog don haka. Nan ne ake kuka. Fiyus daga 0 zuwa 1 kawai yake tafiya, ba ya dawowa. Kuma jerin bayit ɗin ba yadda ido ke tsammani yake ba: bayit 2 na farkon adireshin suna kalma ta 3, sauran 4 suna kalma ta 2. Wanda ya juya su ya ƙona kuskure na har abada, idan kuma tsautsayi ya sa bayit na farko ya fito mara, kamar 01 ko 55, adireshin ya zama na aika wa taro, Linux ta yi watsi da shi. Akwai fuse override da ke rubutawa a rajistar wucin gadi ba tare da ƙonawa ba. Duk wanda zai taɓa fiyus ya fara gwadawa da shi. Allon da aka ƙona wa kuskure bai mutu ba, tunda ethaddr na iya rufe shi, amma ya koma dogaro da hanya mafi rauni.

Wannan gida na biyu yana kuma bukatar ka mallaki adireshin da za ka ƙona. IEEE tana sayar da su mataki uku: MA-L mai adireshi 16,777,216, MA-M mai 1,048,576, da MA-S mai 4,096. Da dala ake biya. Bayan kuɗin akwai aikin da ba a faɗa: rajistar da ke tabbatar da ba a ba alluna biyu lamba ɗaya ba, ko da layin haɗa kaya biyu ne ke aiki a lokaci guda, ko wuta ta ɗauke ana tsakar rubutu. Kamfanin da ke fitar da dubban alluna a wata zai ga ribar wannan. Mai fitar da ɗari biyu a shekara wahala kawai ya saya.

Ƙaramar EEPROM mai adireshi a ciki

Ga mai ƙera allo kaɗan-kaɗan, wannan ce hanyar da na fi yarda da ita. Microchip tana sayar da 24AA02E48, EEPROM mai kilobit 2 da ke magana da furosesa ta layin wayoyi biyu da ake kira I2C. Rabinta na sama a kulle yake ba a iya rubutu, kuma a bayit 6 na ƙarshe, daga 0xFA zuwa 0xFF, an riga an rubuta adireshi na rajista wanda babu irinsa a duniya. Ƙanwarta 24AA025E48 tana da ƙafafun zaɓen adireshin I2C, don haka za a iya jera fiye da ɗaya a layi guda idan allon na da kafar sadarwa biyu. Akwai kuma AT24MAC402, asalinta ta Atmel kafin Microchip ta sayi kamfanin a 2016. Ita tata dabarar daban ce, adireshin yana zaune ne a wani ɓoyayyen sashe da ake kira da wani adireshin I2C na biyu, abin da ke rikita wanda ya saba da ta farko.

Abin da ka saya a nan ba ma'ajiya ba ce kawai, ka sayi rajistar IEEE ɗaiɗai. Babu takarda, babu layin ƙonawa, babu littafin rabon lambobi. Adireshin yana manne da allon, katin SD ya je ya dawo bai dame shi ba. Rabin da ba a kulle ba kuma ya isa a rubuta lambar siriyal da samfurin allon.

Kuɗinta ƙarin aisi (IC) ɗaya ne a kowane allo, da ɗan wuri, da layin I2C. Amma akwai sharaɗin da ake mantawa: wa zai karanta ta, kuma yaushe? Idan allon yana ɗauko manhajarsa ta sadarwa tun daga U-Boot, to dole I2C ta tashi a U-Boot, a rubuta lambar da za ta karanta. Idan Linux kaɗai ke bukatar sadarwa, ya isa a bayyana EEPROM ɗin a Device Tree, a nuna wa sashen Ethernet gurbin ta nvmem-cells da sunan mac-address. A nan sai a kula direban at24, mai karanta EEPROM ɗin, ya kasance a cikin kanel ɗin kansa, wato zuciyar Linux. Idan an bar shi a matsayin ƙari da ake lodawa daga baya, direban Ethernet na iya riga shi tashi. Direba mai kyau zai jira, wanda ba a gyara ba zai ɗauki na canki ya wuce. Ni dai na fi son U-Boot ta karanta ta miƙa, domin adireshi ɗaya ya bi allon tun daga tashi har Linux ta gama hawa.

Wannan hanya ba ta amfanar wanda ya riga ya sayi allo a kasuwa, sai dai idan yana da ƙafafun I2C a fili kuma yana shirye ya yi soda.

Saitin ethaddr da sashen filash

Kusan kowa da wannan yake farawa: setenv ethaddr, saveenv, an gama. Babu ƙarin kaya, babu ƙonawa, kuskure yana gyaruwa. U-Boot ma tana ƙoƙarin kare shi, domin idan ba a kunna CONFIG_ENV_OVERWRITE ba, sau ɗaya ake rubuta ethaddr, na biyu ta ƙi.

Sai dai wannan kamar rubuta lambar waya ne a tafin hannu, za ta kai ka gida, alwala ɗaya kuma ta wanke ta. Ma'ajiyar saitunan U-Boot dunƙule ɗaya ce mai lambar tantancewa ta CRC. Bayit ɗaya ya lalace, U-Boot ta buga “bad CRC, using default environment”, ta zubar da komai har da adireshin. Yaushe take lalacewa? Idan wuta ta ɗauke ana tsakar saveenv, ko ana tsakar fw_setenv daga Linux. Tsarin sabunta manhaja da yawa suna rubuta wannan ma'ajiya a kowane tashi don ƙirga gwaji, ke nan kowane tashi caca ce, kuma a inda wuta ke zuwa ta koma sau da yawa a yini, ko ake juyawa daga layin gwamnati zuwa janareta, ba sai an daɗe ba za a ci karo. Ajiye kwafi biyu na ma'ajiyar yana rage wannan sosai, U-Boot tana da tsarin hakan, amma ba ya hana env default -a sharewa, ba ya hana filashin ɗin da ya shafe ma'ajiyar eMMC ta allon gaba ɗaya.

Mafi muni shi ne kwafi. An saita allo ɗaya ya yi kyau, an kwafi katinsa zuwa ashirin, ethaddr ya bi su duka. A kan tebur, ɗaya bayan ɗaya, kowanne lafiya lau. Ranar da aka haɗa su a suwic guda, wato na'urar da ke haɗa su a sadarwa, sai abin mamaki ya fara: suwic yana ganin adireshi ɗaya yana tsalle daga kafa zuwa kafa, DHCP, mai raba adireshin IP, yana ba su IP ɗaya, ping yana amsawa yana yankewa. Mai Arduino ya san irin wannan ta wata fuska, tunda misalan laburaren Ethernet suna zuwa da DE:AD:BE:EF:FE:ED, kuma ba kowa ke sauya shi da na sitikar da ke jikin allon ba. Masu STM32 ma suna da nasu, 00:80:E1:00:00:00 da kayan aikin kamfanin ke sawa a matsayin somin-taɓi.

Rautoci sun ɗauki matsakaiciyar hanya wadda ta fi wannan. Suna ware wani sashe na filash da sabunta manhaja ba ya taɓawa: art a na'urorin Atheros, factory a na MediaTek. OpenWrt, Linux ɗin da ake zuba wa rautoci, tana karanta adireshin daga can ta nvmem. Tunda ba a rubutu a sashen bayan masana'anta, ɗaukewar wuta ba ta shafe shi. Amma wanda ya zuba cikakken kwafin filash na wata rauta da na'urar rubuta aisi ya shafe nasa, ya gaji na wancan, ya kuma rasa bayanan daidaita rediyon Wi-Fi da ke zaune a sashe guda. Idan dole a filash za ka ajiye, to irin wannan keɓaɓɓen sashe, ba ma'ajiyar saituna ba. Aikin ethaddr shi ne ɗauko adireshi daga wuri mai aminci ya miƙa gaba a kowane tashi.

Lissafawa daga lambar furosesa

Furosesoci da yawa ba su da adireshin MAC amma suna da lamba ta musamman da aka ƙona. Daga ita za a iya haƙo adireshi wanda kullum iri ɗaya zai fito. U-Boot tana yi wa allunan Allwinner haka, irin su Orange Pi da wasu na Olimex: ta karanta lambar SID ta gina adireshi mai farawa da 02. A Rockchip tana ratsa lambar cpuid ta SHA-256, wata dabarar niƙa lamba, ta ɗauki bayit 6, ta kashe bit na taro, ta kunna na cikin gida. STM32 yana da lamba mai bit 96 da za a yi wa irin wannan.

Tsofaffin Raspberry Pi sun haɗa biyu: B8:27:EB na rajistar gidauniyar Raspberry Pi ne, bayit 3 na ƙarshe kuma daga lambar siriyal, sannan manhajar tashi ta miƙa wa Linux ta smsc95xx.macaddr a layin umarni. Shi ya sa za ka ɗauke katin wannan Pi ka sa a wancan, kowanne ya riƙe adireshinsa.

Kyauta ce, tana jure filashin, tana jure kwafi. Rauninta shi ne babu mai ba ka tabbacin ba za a yi karo ba, lissafin yiwuwa ne kawai. Idan bit 24 ne ke sauyawa ba tsari, alluna 100 a sadarwa guda suna da yiwuwar karo kusan 3 cikin 10,000, sai an kai wajen 4,800 kafin ta zama rabi da rabi. Idan aka yi amfani da duk bit 46 da suka rage a adireshin cikin gida, sai an doshi alluna miliyan 10 kafin a kai rabi da rabi. Tunda karo yana da illa ne kawai tsakanin na'urorin da ke sashen sadarwa ɗaya, wannan ya wadatar ƙwarai. Sharaɗi biyu: a niƙa lambar gaba ɗayanta, kada a yanko wani ɓangare, domin furosesocin da suka fito daga zubi ɗaya sukan yi tarayya a yawancin bayit, kuma da zarar kaya sun fita, kada a sake taɓa lissafin. Sabuwar U-Boot mai sabon lissafi tana nufin duk allunan da ke hannun mutane sun wayi gari da sabon adireshi.

Akwai mai kama da wannan a matakin Linux. Tsarin systemd, mai tayar da ayyukan Linux, yana da MACAddressPolicy=persistent, wanda idan ya ga kanel ta yi canki, sai ya maye gurbin da adireshin da ya lissafa daga /etc/machine-id da sunan kafar. Yana tsayawa daga tashi zuwa tashi, amma machine-id fayil ne a kan kati. Ka kwafi kati da shi a ciki, ka dawo matsalar tagwaye. Ka yi filashin, adireshi ya sauya.

Canki-canka

Idan komai ya gagara, Linux tana ƙirƙirar sabon adireshi a kowane tashi, U-Boot ma tana yi idan an kunna CONFIG_NET_RANDOM_ETHADDR. Amfaninsa ɗaya, sabon allo ya samu sadarwa har a rubuta masa na gaske. A wurin aiki kuwa masifa ce mai shiru: IP yana sauyawa bayan kowace ɗaukewar wuta, adireshin IPv6 da aka gina daga MAC yana sauyawa, tafkin DHCP yana cika da hayar na'urorin da ba su wanzu, rautar da ke sayar da Wi-Fi da tikiti tana ganin baƙo kullum, lasisin manhajar da aka ɗaure da MAC yana mutuwa. Fayil ɗin /sys/class/net/eth0/addr_assign_type yana tona asiri nan take: 0 na dindindin, 1 na canki, 3 wata manhaja ce ta sa shi daga baya.

To wanne?

Furosesa ya zo da nasa daga masana'anta, yi amfani da shi, ka tabbata babu wani tsohon ethaddr da ke rufe shi. Kana ƙera allon da za ka sayar, ɗaruruwa ko dubu kaɗan, sa EEPROM mai adireshi tun a zane. Abokin cinikin da ke da tsauraran dokokin sadarwa zai iya ƙin na'urar da adireshinta ya fara da 02, kuma ƙara aisi bayan an buga allo ya fi tsada nesa ba kusa ba. Yawan ya kai dubbai masu yawa kuma kana son sunan kamfaninka ya fito idan aka binciki adireshin, sayi naka daga IEEE ka ƙona a fiyus, da na'urar da ke rubutawa ta karanta ta tabbatar, ba ɗan adam da allon rubutu ba. Alluna na kasuwa ne, za su yi aiki a sadarwar da kai ke riƙe da ita, makaranta ko gona ko shago, lissafi daga lambar furosesa ya ishe ka, kada ka ari bayit 3 na wani kamfani ka liƙa a gaba, ka tsaya a na cikin gida.

Kowacce ka ɗauka, gwajin alluna biyu ne ke raba gardama. Zuba musu kati iri ɗaya, haɗa su a suwic guda, ka duba adireshin a U-Boot da printenv ethaddr, ka duba a Linux da ip link, ka ga sun dace a kowane allo sun kuma bambanta tsakanin allunan. Sannan ka share saitunan U-Boot, ka musanya katunan, ka zare wuta ana tsakar tashi, ka sake dubawa.